Friendly a filin ƙwallo da friendly a fagen daga: ina kuka ci karo da ita?

Mai fassarar labarai: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina fassara labaran waje a wani gidan rediyo, kuma akwai wata kalmar Turanci da ke zuwar mini ta ƙofa biyu, wato friendly. A makaranta ma'anarta mutum mai fara'a, mai son jama'a. In ta zo cikin labarin wasanni babu wahala, wasan sada zumunci ne. In ta zo cikin labarin yaƙi, aka ce friendly fire, sai alƙalamina ya tsaya, domin ana nufin sojoji sun buɗe wa nasu wuta. Don Allah kowa ya faɗi yadda ya san ta.

Mai gidan kallo: Wa alaikumus salam, Malam. Mu a nan "firenli" yara ke cewa, kuma da sun ji ta sai su ƙi biyan kuɗin shiga. A Nuwamban 2017 Najeriya ta kara da Ajantina a Krasnodar ta Rasha, rabin bencina babu kowa, wai ai firenli ne, ga shi Messi ba ya ciki. Aka zura mana biyu, Iheanacho ya farke ɗaya da bugun tazara, Iwobi ya ci biyu, muka tashi 4-2. Kafin alƙalin wasa ya hura tashi, babu masaka tsinke a ɗakin. Abin da kalmar ke nufi a wurinmu shi ne ba kofi, ba neman gurbi, koci na gwada yaransa. Amma ƙeta ana yin ta, kati ma ana bayarwa.

Tsohon soja: Yarana, bari in sa baki. A bakin soja friendly ba ta da alaƙa da fara'a. Duk wanda yake ɓangarenka shi ne friendly, wanda kuke yaƙa kuma abokin gaba ne, haka ake rubutawa a taswira, haka ake faɗa a oba-oba. Wani dare a wurin aiki, ƙura ta rufe ko'ina, sadarwa ta yanke tsakaninmu da wata rundunar da ke gefenmu. Suka ga motsi suka yi harbi. Wanda muke cin abinci kwano ɗaya da shi a nan ya kwanta, Allah ya jiƙansa. Da muka je ta'aziyya mahaifiyarsa ba ta tambayi sunan abin da Turanci ba. Cewa ta yi, wa ya harbe shi? Har yau in na ji kalmar a rediyo gabana faɗuwa yake.

Ɗan Maradi: Allah ya gafarta masa, Baba. Mu da muka yi Faransanci ma haka ne, match amical a ƙwallo, tir ami a yaƙi.

Malamar Turanci: Amin. Wata ɗalibata ta taɓa tsayar da ni a aji, ta ce Malama, yaya wuta za ta zama ta abota? Sai na ba su labarin Pat Tillman, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya bar ƙungiyar Arizona Cardinals ya shiga soja a 2002. An kashe shi a Afghanistan ranar 22 ga Afrilu 2004. Da farko an shaida wa iyalinsa cewa abokan gaba ne, sai bayan makonni aka bayyana cewa harsashin 'yan'uwansa sojojin Amurka ne. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 kuwa, cikin sojojin Amurka 148 da suka mutu a fagen daga, 35 ta wannan hanya suka tafi. Ni a ganina kalmar tana sassauta abin da bai kamata a sassauta ba, shi ya sa nake hana ɗalibaina fassara ta kai tsaye.

Mai fassarar labarai: Na gode, Malama. Ni abin da nake rubutawa shi ne, sojoji sun harbi 'yan'uwansu bisa kuskure. Baba, ya yi daidai?

Tsohon soja: Ya yi, ɗana. Amma kalmar kuskure, ka jingina ta ga wanda ya faɗe ta, ka ce rundunar ta ce kuskure ne, har sai an gama bincike. Kuma in an san ɓangaren da ya yi harbin, ka ambace shi, iyalan mamacin suna saurare.