Wace kalma za mu ba wa "numerology" a Hausa?

Malamai da masu nazarin harshe, ina neman ra'ayinku kan kalmar "numerology", wato ɗora wa lambobi ɓoyayyar ma'ana, wadda masu fassara ke tuntuɓe da ita in suna bayanin al'adun ƙungiyar asiri ta 'yan Firimason, wadda aka kafa babbar majalisarta ta farko a Landan a 1717.

A rassan ƙungiyar na Faransa da wasu ƙasashen Turai, kafin a shigar da mutum sai a zaunar da shi shi kaɗai a wani ɗaki mai duhu, gabansa ga kyandir, ga ƙoƙon kan mutum, ga gishiri da farar wuta, a bango kuma an rubuta V.I.T.R.I.O.L. Haruffan farko ne na wani take na Latin: Visita Interiora Terrae Rectificando Invenies Occultum Lapidem, wato ka shiga cikin ƙasa, ta hanyar tacewa za ka sami ɓoyayyen dutse. Ƙasar a wurinsu zuciyar mutum ce, dutsen kuma gyararren hali. Kalmomin bakwai ne, kuma ana danganta su da ƙarafa bakwai na masu ilimin kimiyya ta da, irin su zinariya da azurfa da dalma da zaiba, da kuma ƙa'idar 'yan Firimason cewa sai da mutum bakwai zaman reshe ke cika.

Wasu sun ce mu kira wannan "ilimin lambobi", amma mai karatu zai ɗauka lissafin makaranta ake nufi. Wasu kuma sun kawo "hisabi", kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin malamanmu sun daɗe da shi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimai masu adadi. Sai dai hisabi yana ba kowane harafi ƙima ne bisa abajada, a tara su, kamar yadda sunan Allah ke ba da 66. A taken nan ba a tara ƙimar haruffa ba, ƙirga kalmomi aka yi, sannan aka ɗora wa bakwai ɗin ma'ana.

Saboda haka nake ganin "tawilin adadi" ya fi dacewa. Tawili sananne ne ga duk wanda ya zauna majalisin tafsiri, yana kuma nuna cewa ma'anar ɗora ta aka yi, ba tare da mai fassara ya gaskata ta ba. Hisabi mu bar shi inda ake tara haruffa. Wanda ke da kalmar da ta fi wannan, don Allah ya kawo ta tare da jimlar da zai sa ta a ciki.