Baƙon haure ne, ko mai neman mafaka?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya, ina neman ku sa baki.

Aikina fassarar labarai ne a nan Birnin Kebbi. Duk ranar da labarin Ingila ko Italiya ya zo da abin da Turawa ke kira asylum seeker, kowa da abin da yake rubutawa. Wani ya ce ɗan ci-rani, wani ya ce ɗan gudun hijira, da yawa kuma su ce baƙon haure su wuce. Na ƙarshen nan shi ya fi ci mini rai.

Ni ɗan Kamba ne. Na tashi ina ganin mutanen Gaya ta Nijar suna zuwa cin kasuwa, mu ma muna tsallakawa biki da ta'aziyya, ban taɓa jin an kira wani baƙon haure ba. Haure ai haura katanga ne, aikin ɓarawo. In ka liƙa wa mutum wannan suna ka yanke masa hukunci tun kafin a ji ta bakinsa. Alhali sashe na 31 na Yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira ya hana a hukunta wanda ya gudo daga haɗari don kawai ya shigo ba takarda, muddin ya kai kansa ga hukuma ba ɓata lokaci ya faɗi dalilinsa.

Ci-rani kuwa mun san shi: a gama girbi a tafi nema, da damina a dawo gona. Wanda yaƙi ya kora ba shi da ranar komawa. Gaskiya ne a hanyar Agadas mota ɗaya kan ɗauki iri biyun, mai neman kuɗi da mai gudun rai, har dokar hana safarar mutane da Nijar ta kafa a 2015, aka soke ta a Nuwamban 2023, ta shafe su duka. To ai gardamar gwamnatocin ke nan, yadda za a tantance wannan da wancan. In mun haɗe su a kalma ɗaya, mai sauraro ba zai gane abin da ake ja a kai ba.

Gudun hijira kalma ce mai daraja a wurinmu, daga hijirar Habasha da ta Madina har ta Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Sai dai ta yi faɗi. Da ita muke kiran mutumin Zamfara da 'yan bindiga suka kora ya koma Gusau ko Anka, wanda bai bar ƙasarsa ba, Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi. Da ita kuma muke kiran 'yan uwansa da suka tsallaka jihar Maraɗi a 2019. Wanda nake nema wa suna daban ne: ya tsallaka, ya roƙi a kare shi, amma ba a yanke maganarsa ba tukuna. Yana bakin ƙofa.

Shi ya sa nake ganin mai neman mafaka ya fi dacewa.

Da na tura wa malamin da ya koya mini Hausa a sakandare, ga abin da ya ce: "Ɗana, mafaka ta ruwan sama ce, ana ɗauke ruwa kowa ya kama gabansa. Kalmar ta yi sauƙi ga wanda aka ƙone wa gari. Me ya hana ka ce mai neman amana? Duba aya ta 6 a Suratut Tauba, inda aka yi umarni in mushiriki ya nemi tsari a ba shi, daga baya a kai shi inda zai aminta."

Allah gafarta Malam, na kwana ina juya maganar nan. Amana a bakin Bahaushe ta koma ajiya da yarda, in na ce a rediyo masu neman amana sun isa Italiya, mutumin Kangiwa zai ɗauka wata yarjejeniya suka je ƙullawa. Amma ayar ta buɗe mini ido. Kai mutum inda zai aminta shi ne ruhin sashe na 33 na Yarjejeniyar Geneva, wanda ya hana a mayar da mutum wurin da ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. A kan wannan ne shirin Birtaniya na 2022 na tura mutane Ruwanda ya faɗi: Kotun Ƙolinsu ta ce a Nuwamban 2023 akwai haɗarin Ruwanda ta mayar da su ƙasashen da suka gudo, sannan gwamnatin Keir Starmer ta soke shirin a Yulin 2024. Kuma Malam, sauƙin da ka gani a mafaka ni shi ya ja ni. Wanda ya fake a zaurenka bai ce ya gaji gidan ba, kai kuma ba ka tura shi waje ruwa na zuba. Ma'anar biyu duka suna cikin kalmar, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Malam ya amsa da cewa ya yarda, da sharaɗin kada in riƙa cakuɗa su. Don haka daga yau ga yadda zan rubuta: mai neman mafaka ga wanda yake jiran hukunci, ɗan gudun hijira ga wanda aka amince da shi, in kuma bai tsallaka iyaka ba in ƙara "na cikin gida". Ɗan ci-rani ya tsaya a kan mai fita nema.

Saura sunan ƙa'idar sashe na 33. Na gwada "haramcin mayarwa", amma ta yi mini nauyi a baki. Iyayenmu na Argungu, Yawuri da Zuru, yaya kuke cewa in mutum ya faɗo gidan sarki ko na malami, masu binsa suka zo ƙofa, aka ƙi miƙa shi?