Garejina bango ɗaya yake da ɗakin Hajiya: in bar shi ko in raba?

Mai Gini: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, musamman daga masu sana'ar gini da ma'aikatan lafiya. Ina gini a bayan gari, kan hanyar Gwarzo a Kano, fuloti ƙafa 50 da 100, yanzu an kai linta. Mai zane ya sa mini gareji a gaba, manne da gidan, da ƙofa ta ciki wadda ke ɓullewa lungun kicin. Ɗaya bangon kuma shi ne bangon ɗakin mahaifiyata, wadda za ta dawo wurinmu in an tare. Ni abin ya yi mini, domin in na dawo da dare ko ana ruwa, daga mota sai cikin gida. Uwargida ce ta tada magana. Ta ce a gidan hayar da muke ciki ma, in na tada mota bayan sallar asuba har uwar ɗaka take jin warin hayaƙi, ga shi Hajiya tana fama da asma. Magini ya ce bulo mai inci 9 in an yi masa filasta babu hayaƙin da zai ratsa shi. Motar Corolla ce 'yar Kwatano, ta ɗan kwana biyu. In bar ginin yadda yake, ko in ci asara in raba garejin da gidan tun ba a yi rufi ba? Allah ya saka da alheri.

Dattijon Unguwa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar gininka. Shekarata 12 a gida irin wannan, ko ciwon kai ba wanda ya taɓa yi. Mata ba sa rasa abin faɗa a kan gini.

Injiniyan Gini: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a nan uwargida ta fi maginin gaskiya. Malam Mai Gini, maginin bai yi ƙarya ba a kan bulon, sai dai ba ta cikin bulo hayaƙi yake bi ba. Ka je wurin ginin gobe ka ɗaga kai. A yawancin gidajenmu bangon tsakiya iyakarsa silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda, tun daga gareji har ɗakin ƙarshe. Hayaƙi mai ɗumi sama yake yi, ya shiga ta ramin ƙwan fitila da na fanka da tsagar silin, ya bazu a saman gidan, ya sauko a wani ɗakin. Sai bututun wayar lantarki da aka binne a bango, shi ma hanya ce. Babbar hanya kuwa ita ce ƙofar nan taka. Kuma da ta ɓulle kusa da kicin abin ya fi muni, don in ka sa fanka mai zuƙe hayaƙin girki, iskar da ta fitar dole a maye gurbinta, kuma ta ƙarƙashin ƙofar garejin za ta shigo.

Ƙasashen da suka saba da irin wannan gini sun kafa masa sharuɗɗa. A ƙa'idar gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi, an hana ƙofar gareji ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin kwana. A Ingila ana son ƙofar ta iya jure wuta na minti 30, ta riƙa rufe kanta, kuma ko dai daɓen garejin ya gangara waje ko a yi dokin ƙofa mai tsawon santimita 10, saboda fetur in ya zube kada ya kwarara cikin gida. Mu kan kwaso zanen mu baro sharuɗɗan a can.

Ba sai ka rushe komai ba. Ka toshe ƙofar ciki da bulo. Ka ɗaga bangon da ke tsakanin gareji da gida har ya taɓa kwano, a yi masa filasta ciki da waje har can sama inda ido ba ya gani, domin nan ne leburori ke yin ha'inci. Wayar garejin a ja mata layinta daban. A bangon waje kuma a sa bulo mai huji sama da ƙasa, get ɗin a yi shi mai raga daga sama. In ka yi haka, a ido yana manne da gida, amma iskarsa daban.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Oga, tambaya ɗaya: indomin motarka yana nan? Wato abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda ke ƙone ragowar guba kafin hayaƙi ya fita. Motoci da yawa da ke zuwa wurinmu an riga an fafe shi an sayar, saboda akwai ƙarfe mai tsada a ciki, mai motar ma bai sani ba. Kuma ko yana nan, ba ya aiki sai ya yi zafi sosai. Shi ya sa hayaƙin tashin farko da safe ya fi kowanne dafi, inji da sanyi, mai yana zuba da yawa, indomi bai farka ba. Wannan ɗabi'a ta barin mota a kunne minti goma wai tana ɗumi, ta zamanin kafireto ce. Taka mai injekta ce. Ka tada, ka jira kamar rabin minti, ka fita a hankali, a hanya za ta yi ɗuminta. Sannan ka riƙa shiga da kai, salansa na kallon get. Masu shiga da baya don su fita da sauƙi, bangon ɗaki suke hura wa hayaƙi.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba Dattijo, ka yi haƙuri da 'yarka, amma rashin jin ciwo ba hujja ba ce a wannan. Warin da uwargida ke ji ma shi ne mai sauƙin. Wanda ke kisa, kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da launi, ba ya sa tari. In ya shiga jini yana kama sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na iskar kanta fiye da sau 200. Alamunsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Ku gaya mini wa zai ji haka a Kano bai ce zazzaɓin cizon sauro ba ne?

An taɓa kawo mana iyali guda da sassafe, uwa da yara uku, duk suna amai, ƙaramin ba ya ko iya ɗaga kai. 'Yan uwa sun dage tuwon dare ne ya lalace, har an fara zargin mai aiki. Sai da aka yi ta tambaya maigidan ya ce ruwa ne ya sauko cikin dare, ya ja janareta ya sa a gareji, ya janyo get saboda ɓarayi. Shi da ya kwana a falon baƙi da taga a buɗe ciwon kai kawai ya samu. Allah ya sa duk sun tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan abin nan da muke maƙala wa a yatsa ya nuna iskar jininsu lafiya lau, domin ba ya bambance jinin da ya ɗauki guba da wanda ya ɗauki iska mai kyau.

Alamar da za ku riƙe: in mutanen gida suka kwanta ciwo iri ɗaya lokaci guda, kuma wanda ya fita waje ya ji sauƙi, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa, a tafi asibiti a faɗa musu ana zargin hayaƙi. Gubar kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita a iskar waje, in an sa wa mutum iskar asibiti kuwa abin ya fi sauri nesa ba kusa ba. Tsofaffi da masu ciki da jarirai da masu ciwon zuciya su ne ke fara faɗuwa.

Ɗan Kano a Kanada: Malam, mu nan dusar ƙanƙara ce ta sa ake manna gareji da gida, ku me ya kore ku? Kuma ko a nan ba a ɗauke shi wasa ba. A jami'ar jihar Iowa ta Amurka an gwada: mota ta yi ɗumi na minti 2 kacal, babbar ƙofar gareji a buɗe, gubar ta kai kashi 500 cikin miliyan a garejin, kuma bayan awa 10 da fitar motar ana iya auna ragowarta. Wato buɗe get kaɗai ba ya wadatarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mutum fiye da 400 ke mutuwa duk shekara a can ta wannan iska bisa tsautsayi, ban da na gobara. Ko me ka yanke, ka sayi na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, mai batir, ka sa a lungun ɗakunan kwana. Ka duba da kyau, ba ita ce mai jin hayaƙin gobara ba, kuma tana da ranar ƙarewa a bayanta. Wanda motarsa ta danna maɓalli ce ya ƙara kula, an sha samun waɗanda suka fita da makulli a aljihu suka bar inji a kunne har gari ya waye.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, duk sun yi maganar mota, ni maganar gida zan yi maka. Gareji a garin nan ba ya zama gareji. Shekara ɗaya za ka ga jarkar fetur a kusurwa, babur ɗin yaro, ragowar fenti, maganin sauro na feshi, sai janareta "na yau kaɗai, saboda ruwa". Shekara uku kuma an shimfiɗa wa maigadi ko wani ɗan uwa tabarma a gefen mota. Kai ka san doka, to ranar da ka yi tafiya fa? Ni nawa da kaina na sa aka fitar da jarkoki, don ko mota ba ta tashi ba warin mai ne ke tarbar ka a falo da tsakar rana. Kuma uwa ba a haɗa mata bango da abin da ake shakka.

Ma'aikaciyar Jinya: Hajiya ta taɓo wani abu. Tururin fetur yana ɗauke da wani sinadari mai suna benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini in an daɗe ana shaƙa. A zafin watan Afrilu jarka a rufaffen ɗaki ba ta daina fitar da shi. Janareta kuma a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa ko taga.

Dattijon Unguwa: To na ji. Nawa dai ba shi da ƙofa ta ciki, kuma rabin get ɗin raga ne, wataƙila shi ya cece ni. Amma ƙafa 20 a fuloti mai faɗin ƙafa 50? Sai dai ya kai wa maƙwabci. Ku da ke cewa a raba, ina filin yake?

Injiniyan Gini: Baba, gaskiyarka, faɗin ba zai bayar ba, amma tsawon ƙafa 100 zai bayar. Janareta a can ƙuryar baya, a yi masa keji na ƙarfe da ɗan rufi, bakin salansa ya kalli inda ba taga, har da ta maƙwabci. Mota kuwa ba dole sai ɗaki ba. Rumfa mai ƙafa huɗu a cikin katanga, kamar mita 3 da 6, ta ishi Corolla, tana tare rana da ruwa, iska na wucewa, kuma kuɗinta bai kai na ginin bulo ba. Tsaro ai katanga da get ke bayarwa.

Mai Gini: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je wurin ginin da yamma, na kuma tarar yadda Injiniya ya faɗa, an shirya tsayar da bangon a iya silin. Na karanta wa uwargida amsoshinku, ba ta ce komai ba sai murmushi, wanda ya fi magana ciwo. Mun tsaya a kan haka: garejin zai koma falon baƙi da ƙofarsa ta waje, mota za ta kwana a rumfa a gaba, janareta a baya. Oga bakanike, ranar Asabar zan kai motar a duba indomin. Saura abu ɗaya, Injiniya: inda rumfar za ta zauna, tagar ɗakin Hajiya tana kallonsa, tazarar ba ta fi taku huɗu ba.

Injiniyan Gini: Tunda ba a yi filasta ba, a toshe ta a fasa wata a bangon gefe, aikin yini ɗaya ne. In mai zane ya ce zai ɓata fuskar gida, ka ce ya sa tagar ado wadda ba ta buɗewa. Kuma tunda an sauya amfanin ɗaki, ka sa ya gyara zanen a takarda kafin ka koma wurin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.