Babu sunana a wasan da na yi wa aiki, in tafi ko in zauna?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum, shawara nake nema. Ina aiki daga gida a Kaduna da wani ƙaramin kamfanin wasannin waya na Legas, ni ke ƙera mutanen cikin wasan da Blender, wata manhajar zane a kwamfuta. Tun ina jami'a na koya a YouTube da tsohuwar kwamfutar yayana, daga kuɗin abincina nake sayen data, Baba na ta faɗa wai wasan yara ne. Wasan ya fito a Play Store, na duba sunayen waɗanda suka yi aikin, babu nawa. Ni kaɗai ce mace. In na kawo shawara a Discord, manhajar da muke hirar aiki a ciki, sai a yi shiru, namiji ya maimaita a yaba masa. Akwai kuma abin da oga ya yi, ba zan faɗa nan ba.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ajiye aikin nan yau. Ko a Amurka haka harkar take. A 2021 kamfanin wasanni na Riot Games ya amince ya biya dala miliyan 100 kan ƙarar nuna wa mata bambanci, a shekarar kuma jihar Kalifoniya ta maka wani kamfanin wasannin, Activision Blizzard, a kotu kan irin wannan zargi. Matan can suna da lauyoyi, ke wa gare ki?

Maman Sadik: Ni ma haka aka yi min a ofishinmu. Na haɗa rahoto, wani ya gabatar, aka ƙara masa girma. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Abu Fatima: Kar ki yi gaggawa, 'yar'uwa. Dubban ma'aikata aka sallama a harkar nan a 2023 da 2024. Ki adana fayilolinki na asali, ki ɗora aikinki a ArtStation, shafin da masu zane ke baje kolin aikinsu. Me takardar yarjejeniyarku ta ce?

Ummu Hanan: Ba mu rubuta komai ba, ogan abokin yayana ne, amana ce. Kuma Hajiya, albashi bai taɓa makara ba, ina son aikin.

Hajiya Babba: Wace amana bayan an share sunanki? Kuma ba yarjejeniya, ta ɗora aikin su ce ta yi sata? Malam, kar ka jefa ta rami. Ki kira yayanki ya sa baki.

Ummu Hanan: In yayana ya ji, Baba ma ya ji, shi ke nan an rufe min kwamfuta.

Maman Sadik: To wai me ogan ya yi ne? Ki biyo ni ta ciki mu yi magana.