Yarona a Ingila ya kama lambu, yana tambayar ruwa nawa

Baba Mai Lambu Ojo: Salamu alaikum jama'a. Yaron nan nawa da ke karatu a Ingila ya karɓi hayar ɗan fili zai dasa kabeji da latas, wai in faɗa masa ruwa nawa zai rinƙa zubawa. Na ce safe da yamma kamar yadda muke yi nan, ya ce ai can ko rana ba ta cika fitowa ba. Masu ilimi ku taimaka.

Ɗan Mile 12: Haba Baba, safe da yamma a ƙasar da sama ke yayyafi kullum? Ai ruɓewa za su yi wallahi 😂

Malamin Gona: Wa'alaikumussalam Baba. Lissafi ne mai sauƙi. Milimita 1 na ruwa a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita 1 ke nan. A can lokacin zafinsu, Yuni zuwa Agusta, abin da rana da iska ke zuƙewa kusan milimita 3 ne a yini, sai yaron ya ninka da lambar amfanin, wato lambar da ke nuna yawan ruwan da kowane irin shuka ke buƙata, wadda FAO, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar tun 1998, kabeji 0.7 yana sabon dashe, 1.05 in ya fara naɗewa. To 3 sau 1.05 sau kwana 7, lita 22 ke nan duk mita a sati. Shi ya sa manomansu ke cewa inci ɗaya a sati, wato milimita 25.

Baba Mai Lambu Ojo: Malam ka mayar min da shi jarka, ni milimitan nan bai zauna min ba.

Malamin Gona: Fangali mai mita 10 tsawo, mita 1 faɗi, jarka 9 ta lita 25 a sati. Amma ya cire ruwan sama tukuna.

Hajiyar Agege: Ya ajiye gwangwanin madara a tsakiyar lambun, wanda aka yanke bakinsa duka, ƙarshen sati ya sa rula. In ya tarar da milimita 10 to saura 12 ake binsa. Ni haka nake da alayyahona a bayan gida.

Ɗan Mile 12: Latas fa kar ya haɗa shi da kabeji, saiwarsa a sama take, kaɗan-kaɗan yake so akai-akai, in ya sha ƙishi sai ɗaci, mu da ke sayarwa mun sani.

Malamin Gona: Gaskiyarka. Kuma a tambaye shi irin ƙasar. Rairayi irin na Ojo a Legas ba ya riƙe ruwa, a raba ruwan satin sau uku, in laka ce sau ɗaya ko biyu ya isa. Ya tura yatsa cikin ƙasa, in akwai danshi ya bar ta.

Baba Mai Lambu Ojo: Allah ya saka da alheri. Na tura masa, ya ce laka ce, kuma yanzu haka ma ruwa ake yi musu.