Macijin namu, maganin nasu: haɗin gwiwar Kaltungo riba ce ko asara?

Malam Bappah: Assalamu alaikum. Ga abin da na ce, mai ja ya zo da hujja: haɗin gwiwar bincike da ƙasashen waje, yadda ake ƙulla ta, 'yan kamun maciji take mayar da mu. Ku dubi Kaltungo ta jihar Gombe. Kububuwar tamu ce, waɗanda aka gwada maganin dafinta a jikinsu manomanmu da makiyayanmu ne. Amma an kwashi macizan an kai Libaful ta Birtaniya, a can aka tatsi dafin. Kamfanin MicroPharm na Birtaniya ya yi maganin EchiTAb G da jinin tumaki, cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika ta yi EchiTAb-Plus da jinin dawaki. Sakamakon gwajin ya fito tun 2010, har yau kuma daga waje muke sayo maganin da kuɗin waje. Me ya rage a hannunmu?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam, rayuka ne suka rage. Dafin kububuwa cinye sinadaran daskarar da jini yake yi, sai dasashi ya fara zubar da jini, tsohon rauni ya buɗe, wani ma jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa. In ba magani, cikin mutum 100 ana rasa 10 zuwa 20. Kuma ba kowane maganin dafi ne ke aiki a kanta ba. A wani asibitin karkara a Gana, da aka koma amfani da maganin da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mutuwa ta tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Kububuwar Indiya daban, tamu daban. Wannan haɗin gwiwar ce ta ba mu maganin da aka yi da dafin macijinmu, aka kuma gwada shi a kan mutum 400 a Kaltungo. Kwalba 3 ta EchiTAb-Plus ta dawo da daskarar jini cikin awa 6 ga kashi 83, kwalba 1 ta EchiTAb G ga kashi 76. Magungunan dafi kaɗan ne a Afirka suka samu irin wannan gwaji.

Malam Bappah: Dakta, ban ce maganin ba ya aiki ba. Cewa na yi ilimin haɗa shi bai sauka a nan ba.

Malam Yunusa: Wani sashe ya sauka, ranka ya daɗe. Gwajin minti 20 da duk hukuncin ya rataya a kansa a hannun ma'aikatanmu yake: a ɗebi jini mililita 2, a zuba a sabuwar kwalbar gilas busasshiya, a ajiye ba a taɓa ba, bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, a ba da magani, a maimaita gwajin bayan awa 6. Inda ake kuskure sananne ne. Kwalbar roba ba ta tayar da daskarewa, haka gilashin da aka wanke da omo, sai a ga jinin mai lafiya bai daskare ba, a ɓarnatar da magani a banza. Amma a kan samfuri ina tare da Malam Bappah. Dalilin da ake bayarwa na fitar da jini da dafi waje shi ne ba mu da firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri dare da rana. Gaskiya ne, wuta in ta ɗauke aka rasa janareta, abin da aka tara shekara guda yana iya lalacewa a wuni ɗaya. To me zai hana a sa kuɗin firjin, da sola, da batura, da kwangilar gyara a cikin kasafin binciken tun farko? Sau da yawa na'urar ake saye, a manta da mai gyaranta.

Dakta Adamu: Bari in faɗi yadda ake haɗa maganin, don a san abin da ake nema. Ana tatsar dafi daga macizai masu yawa na wurare daban-daban, saboda dafi kan bambanta ko a jinsi ɗaya, a busar da shi cikin sanyi ya zama gari. Ana yi wa doki allurarsa kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa, tsawon watanni, har garkuwarsa ta yi ƙarfi. Sannan a ɗebi jini lita da yawa, a ware ruwan jinin, a mayar wa dokin jajayen ƙwayoyinsa don kada ya rame. 'Yan Kosta Rika da sinadarin kafirilik asid suke tace ruwan: sauran furotin ya kwanta, garkuwar ta tsaya a sama. Hanya ce mai araha, ba sirri ba ce, an wallafa ta. Dawaki kuwa ba a koya wa Bauchi da Gombe kiwonsu, sai dai a tsare su daga sammore da annobar dawaki. Wahalar tana ƙarshe: ruwan allura tsarkakakke, ɗakin ɗura kwalabe da ƙwayar cuta ba ta shiga, gwajin ƙarfin kowane zubi a jikin ɓeraye, gwajin abin da ke tayar da zazzaɓi. Zubi ɗaya ya gurɓace, aikin wata da watanni ya tafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana nan tun 1924 tana yin rigakafin dabbobi, amma allurar da za a ɗura wa mutum ta jijiya mataki ne na daban.

Hajiya Jummai: Dakta Adamu ya bar abu ɗaya, kasuwa. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin maganin dafi na Fav-Afrique a 2014, ragowar ya ƙare wa'adinsa a 2016, ba don ba ya aiki ba, sai don ba ya mayar da kuɗi. Wanda maciji ke sara talaka ne. In gwamnati ba ta sa hannu ta ce za ta sayi kwalba kaza duk shekara ba, ko a Kaltungo aka gina masana'antar rufewa za ta yi. Kuma maganin ruwa yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 daga masana'anta har gadon marar lafiya. Sara ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi, don haka odar da ba a yi tun rani ba ta makara. Yankewar magani a kan wannan gaɓar take faruwa, kuma wannan ba laifin Libaful ba ne.

Malam Bappah: Hajiya, hujjarki tawa take ƙarfafawa. Mutanen Kosta Rika kusan miliyan 5 ne, Bauchi da Gombe a haɗe sun fi su. Sun kafa cibiyarsu a 1970, daga baya ta koma ƙarƙashin jami'a, yau su ke sayar mana. Da an rubuta a yarjejeniyar cewa shekara kaza za a tatsi dafi a nan, shekara kaza a fara ɗura kwalabe a nan, da yanzu ba wannan zancen ake ba. Wanda ya zo da kuɗi shi ke rubuta takarda, mu kuma mu sa hannu da godiya.

Dakta Hauwa: A nan kam ban musa maka ba, Malam. Takardar miƙa samfuri ya kamata ta faɗi abu huɗu ƙarara: me za a yi da shi, wa ke da bayanan da suka fito, ragowar a dawo da ita ko a lalata, da rabon amfani in abin ya zama hajar sayarwa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, a kan rabon amfanin take magana, aikin EchiTAb kuwa ya riga ta. Kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi suna da ikon ƙin amincewa da duk binciken da ya zo babu wannan takarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a dakatar da fitar da dafi sai mun iya. Wanda aka sara a gona bana ba zai jira gini ba.

Dakta Adamu: Ba sai an dakatar ba. A fara da gidan macizai da injin busar da dafi a Kaltungo, garin dafi ne zai riƙa fita, ba maciji mai rai ba. Mai riƙe da ingantaccen dafi shi ke da bakin ciniki, domin babu masana'antar da za ta yi magani ba tare da shi ba.

Hajiya Jummai: Ni da ɗura kwalabe zan fara, Dakta. A shigo da tataccen ruwan da yawa daga Kosta Rika, a ɗura a nan ƙarƙashin idon NAFDAC, ma'aikata su ƙware a kan matakin da ka ce shi ne mafi wuya. Dawaki su zo daga baya.

Malam Yunusa: Ko wanne aka zaɓa, sai an tanadi ɗakin gwajin ɓeraye tukuna. In ba za mu iya auna ƙarfin zubin da kanmu ba, dafin da muka busar da kwalbar da muka ɗura duk sai an sake aika su waje a tabbatar mana.