'Yan Chana na Indonesiya: wai dole aka yi musu suka canza suna?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin tarihi ku taimaka min. Na lura attajiran Indonesiya da 'yan wasan badminton ɗinsu da yawa in ka ga fuska 'yan Chana ne sak, amma suna sai ka ji Salim, Wijaya, Susanto. Ni na zata auratayya ce ko musulunta suka yi, sai wata take ce min wai gwamnati ce ta matsa musu. Da gaske ne? Kuma in haka ne su yanzu me suke ɗaukar kansu?

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ta faɗa miki. Lokacin da Suharto ya karɓi mulki, a 1966 aka fito da ƙa'idar da ta ce su ɗauki sunaye irin na ƙasar, a takarda shawara ce amma in ba ka canza ba kai da kanka za ka gane kurenka wajen neman makaranta ko lasin. Shi ya sa Liem ya koma Salim ko Halim, Tan ya koma Sutanto, Oei ya koma Wijaya, in kin duba da kyau tsohon sunan yana ɓoye a cikin sabon. Babban attajirin nan Sudono Salim ai Liem Sioe Liong ne sunansa na yanka.

Ba suna kaɗai ba fa. An rufe makarantunsu, an hana rubutun Chana a allon shago, a 1967 kuma aka hana su bikin sabuwar shekararsu a fili sai dai cikin gida a rufe ƙofa. Ga wata takarda SBKRI ta shaidar zama ɗan ƙasa da kusan su kaɗai ake tambaya, mutum an haifi kakansa a Java amma sai ya kawo ta kafin a ba shi fasfo. Hatta Susi Susanti da ta ciyo wa ƙasar zinare a Olamfik na 1992 ta sha fama da wannan takardar. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk sun yi abin da aka ce, sun bar suna sun bar yare, amma da rikici ya tashi a Jakarta a watan Mayu 1998 shagunansu da gidajensu aka nufa, aka yi wa matansu fyaɗe, mutum sama da dubu suka mutu a wannan tarzomar.

Sadiq_99:
Baba ban ƙi taka ba amma a riƙa faɗin ɗaya ɓangaren. Mutanen da ba su kai kashi 2 cikin 100 ba a ƙidayar 2010 amma manyan kamfanoni da yawa nasu ne, ga shi ana cewa ba sa cuɗanya, to dole talaka ya ji haushi mana

Baban Khalifa:
Sadiq ɗana, tambayi kanka wa ya ware su tun farko. Turawan Holan da suka yi wa ƙasar mulkin mallaka ne suka kasa mutane gida uku, Turawa a sama, baƙin Asiya a tsakiya, 'yan ƙasa a ƙasa, suka tilasta wa 'yan Chana zama a unguwanni na musamman, fita ma sai da takardar izini, sannan suka riƙa ba su kwangilar karɓar haraji, kaga duk haushin da ya kamata a ji na Bature sai ya sauka a kansu. Su Turawan ne kuma suka karkashe su kusan 10,000 a Batavia, wato Jakarta ta yanzu, a 1740. Zamanin Suharto aikin soja da na gwamnati kusan a rufe yake gare su, me ya rage in ba kasuwa ba? Kuma 'yan tsirarun da suka yi kuɗin fitar hankali da janar-janar suka haɗa kai. Je ka duba Singkawang a Kalimantan ko 'yan Chanan da ake kira Benteng a Tangerang kusa da Jakarta, manoma ne da masunta da leburori, wasu ko ɗakin kirki ba su da shi. Mai ɗan shagon kayan masarufi da aka ƙona a 1998 ba shi ya karya darajar rupiya, kuɗin ƙasar, har talaka ya shiga ƙunci ba.

Maryam A.:
Ni abin da na gani a wannan labarin ko a Amurka haka yake. 'Yan Chana ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa layin dogon da aka gama a 1869, sai ga dokar 1882 ta hana leburorinsu shigowa, ba a soke ta ba sai 1943. A 1982 ma a Detroit wasu ma'aikatan kamfanin mota biyu suka kashe Vincent Chin da sandar wasa saboda haushin motocin Japan, alhali shi ɗan asalin Chana ne, kuma a ƙarshe babu wanda ya yi zaman gidan yari a cikinsu kan kisan. Ana musu kallon baƙo raɓa ne ko da sun kai tattaɓa-kunne a ƙasar, wlh abin tausayi

Ummu Hanifa:
Innalillahi. Na gode sosai Baba, Allah ya ƙara sani. To yanzu fa, sun koma sunayensu na da?

Baban Khalifa:
Amin Hajiya. Kaɗan ne suka koma, don an riga an haifi 'ya'ya da jikoki da sabon sunan, ga takardun fili da na makaranta duk da shi. Shugaba Abdurrahman Wahid, wanda babban malamin Musulunci ne, shi ya soke haramcin bikin sabuwar shekararsu a 2000, Megawati kuma ta mayar da bikin nasu da suke kira Imlek ranar hutu ta ƙasa daga 2003. Amma waɗanda suka taso cikin shekaru talatin ɗin nan yawanci ba sa jin Hokkien ko Hakka, yarukan kakanninsu, yaren Indonesiya ko na Java suke yi a gida, in sun je Chana ma baƙi ne. Yanzu su ne ke biyan kuɗi suna sa yaransu lesin ɗin Mandarin. Akwai Musulmi ma a cikinsu, a Surabaya suna da masallacin Cheng Ho da aka gina da fasalin ginin Chana, ki nemi hotonsa a intanet ki gani.